A ba yaro lafiyayye antibiyotik don a rage mutuwar yara: daidai ne ko ganganci?

Malamin lekol: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so masu sani a cikinmu su warware mana. An ce bincike da aka yi a nan Nijar ya nuna idan aka bi gari gari ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azitromisin sau biyu a shekara, ko babu abin da ke damunsu, mutuwar yara tana raguwa. Mu kuwa tun tasowarmu abin da muke ji a bakin likitoci shi ne kada a sha antibiyotik sai da ordonans, wato takardar likita. To yanzu kuma su da kansu za su bi gida gida da shi? Majo, shugaban ma'aikatan asibitinmu, da Alhaji mai farmasi, ku yi mana bayani.

Mai farmasi: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ban yarda da wannan tsari ba, kuma ba yau na fara faɗa ba. Kullum ina faɗa da mutane a farmasina saboda suna son amoksisilin don mura. Da wane baki zan hana su gobe, idan suka ce ai an ba ɗana lafiyayye kyauta?

Majo: Alhaji, ka bari mu fara da abin da binciken ya samo tukuna. Sunansa MORDOR, an buga sakamakonsa a 2018. An yi shi a ƙasashe uku, Nijar da Malawi da Tanzaniya, yara kusan 190,000. A nan gida an yi shi a Boboye da Loga cikin jihar Doso. Ƙuri'a aka jefa tsakanin garuruwa: wasu aka ba yaransu maganin, wasu aka ba su ruwa mai kama da shi wanda babu magani a ciki, kuma mai rabawa da uwar yaro duk ba su san wanne ne a kwalbar ba. Bayan wata shida a dawo a ƙidaya yara, wa ke raye, wa ya rasu, har shekara biyu. A ƙasashen uku haɗe mutuwa ta ragu da kashi 13.5 cikin 100. A Nijar kaɗai, kashi 18. Jarirai 'yan wata ɗaya zuwa biyar su suka fi amfana, kusan kashi 25.

Kashi 18 ɗin nan ga ma'anarsa: a cikin yara dubu, garuruwan da ba su samu maganin ba suna binne kusan 27 a shekara, waɗanda suka samu suna binne kusan 22. Yara biyar ke nan a kowane dubu. Duk wanda ya yi aiki a ƙauye cikin watan Satumba ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Mai farmasi: To ka faɗi na Malawi da Tanzaniya mana, Majo.

Majo: Ba ɓoyewa nake ba. Malawi kusan kashi 6, Tanzaniya kusan kashi 3, kuma duka biyun ba su kai matsayin da za a ce tabbas maganin ne ya yi aiki ba. Amma can yara ba sa mutuwa kamar yadda suke mutuwa a nan. Inda mutuwa ta fi yawa nan ya fi tasiri, kuma mu ne a wurin.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, ni tsoho ne, ba likita ba, amma ina da tambaya. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara 200 a Kano. Yara 11 suka rasu cikin waɗanda aka sa a gwajin, iyaye suka ce ba a yi masu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dalar Amurka miliyan 75. Kano nan ce kusa da mu, da yawanmu muna da dangi can. Na ji an ce wannan maganin ma na kamfanin ne. Me ya sa kullum a kan 'ya'yanmu ake gwaji?

Majo: Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma gaskiya ne kamfanin ɗaya ne, shi ya ba da maganin. Abin da ya faru a Kano bai kamata a manta da shi ba. Sai dai akwai bambanci. Trovan sabon magani ne a lokacin. Azitromisin kuwa ya haura shekara talatin ana shan shi a duniya, har a ƙasashen da suka ƙera shi. Kuma mu nan Damagaram mun san shi. Shi ne maganin da aka yi shekaru ana rabawa a Magariya da Matamai da Mirya don ciwon ido na amodari, wanda ake tsayar da yaro jikin sanda mai launi-launi a auna tsawonsa kafin a zuba masa. Asalin maganar ma daga can ta fito: a Habasha aka lura garuruwan da aka raba shi don ciwon ido yaransu ba sa mutuwa kamar na sauran, aka buga a 2009, shi ne aka ce bari a bincika da kyau.

Baba Alhaji: Na ji. Amma a riƙa gaya wa uwa abin da ake ba ɗanta da Hausa, kuma in ta ce a'a a ƙyale ta.

Hajiya ungozoma: Wannan haƙƙinta ne Baba, babu mai ja.

Ɗan labo: Ku ba ni dama in shigo, don abin da Alhaji mai farmasi ke tsoro ni nake ganinsa da idona. Idan aka kawo fitsari ko jinin mara lafiya, mukan shuka ƙwayar cutar a faranti, mu jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban a kai, mu bar shi ya kwana. Da safe inda magani ke aiki za ka ga fili a kewaye da takardar, ƙwayar ba ta iya matsowa ba. Inda ya daina aiki, sai ka ga ta tsiro har jikin takardar. Farantan da nake gani haka suna da yawa, kuma kowane ɗaya mutum ne kwance a gado ana jiran abin da za a ba shi.

Masu binciken MORDOR da kansu sun auna wannan a Doso. Bayan shekara biyu, ƙwayar da ke kawo ciwon huhu da ake samu a hancin yara, kashi 12 cikin 100 ta daina jin irin wannan magani a garuruwan da aka raba shi, a sauran garuruwan kuwa kusan kashi 3. Ninki huɗu ke nan. Ba abokan gaba suka faɗa ba, su ne suka buga a 2019.

Mai farmasi: Madalla ƙanena. Ku ƙara da wannan: mashaƙo da ya addabe mu a 2023, Matamai ta fi kowa ji a jiki. Me ake ba mai mashaƙo da waɗanda suka zauna tare da shi? Azitromisin ko eritromisin, 'yan gida ɗaya ne. A Pakistan tun 2016 akwai taifot da ta bijire wa kusan duk maganin sha, azitromisin ne ya rage masu. Maganin da ake ajiyewa don irin wannan rana shi za mu zuba a bakin kowane yaro? An ƙiyasta a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mutuwar idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wannan cin iri ne saboda yunwar yau, damina ta zo babu abin shukawa.

Hajiya ungozoma: Alhaji, ina girmama iliminka, amma ka bar ni in faɗi nawa. Matan da nake karɓar haihuwarsu, idan na buɗe karne, wato katin awon ciki, na tambayi ciki nawa, sai mace ta ce takwas. Masu rai nawa? Biyar. Ta faɗa maka ba tare da muryarta ta canja ba, don ta saba. In ka tambayi me ya kashe su, zazzaɓi ne da gudawa, kwana biyu uku. Garinsu da asibiti tafiyar rabin yini ce a amalanke, kuma sai maigida ya dawo daga gona a nemi kuɗin mota. Wannan yaron ba zai taɓa zuwa kantarka da ordonans ba. Cutar da kuke tsoro ta gobe gaskiya ce, ban musa ba. Amma shi yau yake mutuwa, kuma ni ban ga yadda zan kalli uwarsa in ce mata akwai abin da zai rage wannan, mun ajiye shi saboda wasu ba.

Malamin lekol: To ita Hukumar Lafiya ta Duniya me ta ce?

Majo: A 2020 ta ce kada a raba shi ko'ina. Ta yarda a duba yin hakan a ƙasashen Afirka kudu da Sahara inda jarirai sama da 60 cikin dubu ke mutuwa kafin shekara ɗaya, ko yara sama da 80 cikin dubu kafin shekara biyar, kuma a tsaya kan 'yan wata 1 zuwa 11 kawai, tare da sa ido kan bijirewar ƙwayoyin cuta. Wato ta ɗauki tsoron Alhaji da muhimmanci, shi ya sa ta taƙaita.

Sai aka sake wani bincike a Doso da Tawa mai suna AVENIR, garuruwa 3,000, yara sama da 380,000, aka buga a 2024. An raba garuruwa gida uku, gida ɗaya aka ba shi ruwan da babu magani don a kwatanta da shi. Inda aka ba duk yara daga wata 1 zuwa 59, mutuwa ta ragu da kashi 14. Inda aka ba jarirai kaɗai kamar yadda hukumar ta ce, raguwar ba ta kai a dogara da ita ba. Ga alama sai an rage cutar a jikin yayye sannan ƙanne ke tsira, tunda tabarma ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci.

Mai farmasi: Ka ga matsalar ke nan. Hanyar da ke da sauƙin haɗari ba ta aiki, wadda ke aiki kuma sai an ninka maganin da ake zubawa cikin gari. Kuma a Burkina da Mali an haɗa shi da maganin rigakafin zazzaɓin damina, irin wanda rele, masu taimaka wa ma'aikatan lafiya a cikin gari, ke rabawa daga Yuli zuwa Oktoba, sakamakon 2019 ya nuna bai ƙara komai ba. Ni da kuɗin nan za a sa a rijiyoyin burtsatse, allurar rigakafi da abincin tamowa, da na fi samun natsuwa.

Hajiya ungozoma: Wa ya ce a bar waɗannan? Shekara nawa muna jiran ruwan?

Ɗan labo: Ni matsayina a tsakiya yake, kuma ba don in faranta wa kowa ba. Lissafin yaran da suka tsira na yarda da shi, bincike biyu manya a ƙasarmu sun nuna abu ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a raba magani a tafi. Sharaɗin sa ido da hukumar ta gindaya, labo ne ke yin shi, da faranti da kayan aiki da wutar da ba ta ɗaukewa. In za a kawo shirin jihar Damagaram, a auna hancin yara da bayan gidansu kafin a fara, a riƙa aunawa duk shekara, a faɗi sakamakon a fili, kuma tun farko a rubuta matakin da in an kai shi za a dakata. Sannan Alhaji, mu faɗi gaskiya, kafso da ake sayarwa a faranti cikin rana a Kasuwar Dole da tashoshin mota, mutum ya sayi biyu ya sha ya bari, kullum ne, ba sau biyu a shekara ba.

Mai farmasi: Wannan ba ni da ja a kai, na fi kowa son a kwashe su. Amma ɓarna ɗaya ba ta halatta ta biyu. Har yanzu ina kan bakana, sai na ga labon da za a ba aikin.

Malamin lekol: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni, don na san wasu za su karanta su nufi farmasi. Mutum zai iya saya ya ba 'ya'yansa da kansa?

Majo: A'a Malam, kada kowa ya yi haka. Abin da aka gwada shi ne a ba yaran gari gaba ɗaya a lokaci ɗaya, awo ɗaya gwargwadon nauyin yaro, miligiram 20 a kowane kilo. Ba a gwada uba ya saya ya ba ɗansa shi kaɗai ba. Jaririn da bai cika wata ɗaya ba kuwa ba a sa shi a rabon, don maganin yana iya sa mafitar tumbinsa ta tsuke ya riƙa amai har sai an yi masa aiki. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kawo shi a gwada jininsa a ranar, ko ya sha na rabo ko bai sha ba.