Kuskure a tsakiyar gasar saƙar safa: a warware ko a gyara a wurin?

Maman Iman: Salamu alaikum 'yan uwa masu tsinke. Ina so mu tattara abin da muka sani kan gyaran kuskure a gasa irin Sock Madness, wadda ake yi duk shekara a Ravelry, shafin intanet na masu saƙa. Ga waɗanda ba su taɓa shiga ba: ana sakin tsarin safa ga kowa lokaci ɗaya, a saƙa ƙafa biyu cif yadda aka rubuta, a aika hotuna, alƙalai su duba, kuma guraben wucewa zagaye na gaba ƙididdigaggu ne. Saƙar gida idan ido ɗaya ya karkace sai a kau da kai. A nan kuwa ana iya dawo miki da safa a ce ki gyara, alhali wasu suna cike guraben. To, yaushe ake warwarewa, yaushe ake gyarawa a wurin?

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. Maman Iman, kafin a taɓa komai a ajiye tsinke a ƙirga abu biyu: ido nawa kuskuren ya shafa a faɗi, kuma zagaye nawa yake a ƙasa. Safa mai ido 64, idan kuskuren yana zagaye 10 a ƙasa, warwarewa na nufin sake saƙa ido 640. In kuwa ido ɗaya ne aka yi masa saƙar baya maimakon ta gaba, sakin layinsa kaɗai ido 10 ne. Ki saƙa har ki iso kan idon, ki zare shi daga tsinke, ki bar shi ya zube zuwa wurin kuskuren. Zai bar zaruruwa a kwance kamar matakan tsani, kowanne zagaye guda. Ki sa kwarashi na milimita 2 a cikin idon ta gaba, ki jawo matakin da ya fi ƙasa, haka har sama. Wurin da ake kuskurewa shi ne tsallake mataki ko ɗaukar na sama kafin na ƙasa, sai wata igiya ta rage tana lilo a ciki. Idan layin na saƙar baya ne, ki juya safar ciki waje, daga can zai zama saƙar gaba.

Anti Ladi: Ƙari kan maganar Hajiya: idon da ya suɓuce da kansa, fara kama shi da fil mai kulle kafin ki nemi kwarashi. Zaren safa mai ulu kashi 75 da nailan kashi 25, musamman wanda aka sarrafa don wankin inji, santsi gare shi, jan safar kaɗan ido ya ƙara gangarawa.

Yaya Asabe: Ni kan saƙar kitso zan tsaya, domin ita ce ta fi sa mutane warware rabin ƙwauri ba dalili. A ce kitso mai ido 4 ya kamata ya karkata hagu, kin karkatar da shi dama, kuma sai bayan zagaye 6 kika lura. Ki saki idanun nan huɗu kaɗai, ki warware su tare har zagayen da aka yi giciyen, shi ma ki kwance shi. Ki ɗora su a kan gajeren tsinke mai baki biyu. Yanzu kina da dogayen zaruruwa 7 a baya. Ki jera su da kyau, in ya yiwu ki kafe na saman da fil a jikin matashi don kada su cakuɗe. Ki sake giciyen daidai, ki saƙa da zaren da ya fi ƙasa tamkar shi ne zaren aikinki. Kada ki juya aikin. Kowane zare daga dama zuwa hagu za ki saƙa shi, sannan ki tura idanun su koma bakin dama.

Abin da ke ba da wahala shi ne ido na ƙarshe: ko zaren ya ƙare ya ɗaure tam, ko ya yi rara ya bar rami a gefen kitson. Dalili, idanun farko sun ci fiye ko ƙasa da rabonsu. Idan da tsinken milimita 2.5 kike saƙa, yi gyaran da na 2.25 ko 2, sannan ki bi da bakin tsinke kina rarraba rarar. Wanki zai daidaita sauran. Amma gaskiya in kuskuren ya wuce faɗin ido 8, ko akwai naɗin zare da ragin ido a cikinsa kamar saƙar huji-huji, warwarewa ta fi sauri ga mafi yawan hannaye.

Maman Iman: Yaya, to in dole sai an warware fa? Nan ne idanu 64 suke tsaye tsirara ba tsinke, gaban mutum na faɗuwa.

Yaya Asabe: Ƙanwata, kada ki zare tsinke sai kin shimfiɗa wa idanun wurin sauka. Ki zaɓi zagayen saƙar gaba zalla a ƙasan kuskuren. Kowane ido yana da ƙafa biyu kamar harafin V. Ki bi da siririn tsinke kina ɗaukar ƙafar dama ta kowanne, ki ƙirga 64, sannan ki ja zare. Zai tsaya da kansa a kan tsinken, idanun kuma suna zaune daidai ba a murɗe ba. In kika kauce zuwa zagayen sama ko na ƙasa a hanya, kada ki damu, 'yan idanun nan sai ki kwance su ɗaya ɗaya.

Ummu Sadik: Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne zaren tsaro tun kafin a yi ɓarna. Allura mara tsini da siririn zaren auduga mai launi dabam, a ratsa cikin idanun suna kan tsinke. Minti biyu ne ko uku. Wurare uku nake ganin ya wajaba: kafin fara dunduniya, bayan gama ragin gefenta, da kafin fara yatsu. Kada a ratsa ta cikin zoben alama da ake sa wa tsinke don gane wuri, in ba haka ba zoben ya maƙale a nan. Kada kuma a saƙa zaren tsaron tare da idon a zagaye na gaba.

Hajiya Turai: Dunduniya wurin lissafi ce, a riƙa ƙirga. A tsarin da aka saba, ido 32 ake yi wa layi 32 ana zame idon farko, ya ba da ido 16 da za a tsinta a kowane gefe. Bayan lanƙwasa dunduniya saura 18. Haɗa 18 da 16 da 16 da 32 na saman ƙafa, 82 ke nan. Ana rage 2 a zagaye, a tsallake zagaye, sau 9 a dawo 64. In kin tarar da 65, gefe ɗaya aka manta. Kada ki yi gaban kanki ki ƙara ragi a ƙarshe, ki aika wa alƙalai hoto ki tambaya, kina ci gaba da ɗaya ƙafar kafin amsa ta zo.

Anti Ladi: Haka ma saƙar launi biyu. Ido ɗaya da ya fito da launin da ba nasa ba ana iya rufe shi da allura a bi sawun V ɗin, amma a gasa sai an tambaya ko sun yarda. Wanda ba shi da magani shi ne zaren bayan ya ɗaure har safar ta ƙi wuce dunduniya. Wannan sai warwara. A gwada ta a ƙafa bayan santimita 5 na farko, kuma a saƙa da safar a juye ciki waje, zaren zai bi ta doguwar hanya ya samu sarari.

Ummu Sadik: Kada a manta da tsawo. Tsarin gasa yana zuwa da mafi ƙarancin awo na ƙwauri da na tafin ƙafa. A auna a shimfiɗe da rula, ba ja, kafin a fara yatsu. In an riga an ɗinke bakin yatsu sannan aka ga saura rabin santimita, sai an tsefe ɗinkin da allura, a warware wajen zagaye 20. Sannan a duba ko tsarin ya ce ƙafa ta biyu kishiyar ta farko ce, hagu da dama, kafin a ɗora idonta na farko.

Maman Iman: Allah ya saka da alheri. Anti Ladi, saura tambaya ɗaya: zaren da aka warware ya yi cukwi-cukwi, a yanke shi?

Anti Ladi: A'a, kada ki yanke. Ƙwallon giram 100 bai fi mita 400 da 'yan kai ba, tsarin kitso kuma yana cin zare. Wanda bai kwana a saƙe ba ki naɗe shi sako-sako ki ci gaba, lanƙwasar za ta baje a wanki. Ki ɗora ragowar a sikeli bayan ƙafar farko: in ya gaza giram 50, ki nemi ƙarin zare tun kafin ki kai dunduniya ta biyu.