Yadda ake binciken abin da fararen hula suka gani a sama, da abin da ke kashe rahoto

Abu Safiya: Assalamu alaikum. Masana a cikinmu, idan mutum ya ga wani abu a sararin sama bai gane shi ba, ya kai rahoto, me sojoji ke yi da shi? Me ke sa wasu rahotannin su tashi a banza?

Ɗan Falaki: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin tankaɗe da rairaya ne. Sojin saman Amurka sun tara rahotanni 12,618 daga 1947 zuwa 1969, akasari ƙarƙashin shirin Blue Book a sansanin Wright-Patterson, kuma 701 ne kawai suka rage ba a gano ba. Tambayoyin farko guda uku ne: ƙarfe nawa, ina kake tsaye, wace nahiya ka fuskanta. Da waɗannan ake duba taswirar taurarin daren, aikin da masanin falaki J. Allen Hynek ya daɗe yana yi musu. Zara matar wata ta fi kowa ruɗa mutane, domin idan ta yi ƙasa kusa da faɗuwa, iska na sa haskenta ya riƙa rawa yana sauya launi. Sannan duk wanda ya ƙura wa haske ɗaya ido cikin duhu, zai ga kamar yana motsi alhali yana tsaye. Ba ƙarya mai shaida ya yi ba, halin ido ne.

Injiniya: Ƙari a kan haka, bayan taurari sai jirage da balan-balan. Tashoshin yanayi na sakin balan-balan sau biyu a rana, yana hawa kusan kilomita 30, yana kumbura har ya fashe. Da magariba ƙasa ta yi duhu, amma shi rana na dukansa, sai ya yi ta ƙyalli. Haka jirgin leƙen asiri U-2 ya yi a shekarun 1950, yana tafiya sama da kilomita 18, kuma ba a gaya wa jama'a gaskiya ba sai daga baya. Wannan ɓoyon ne ya zubar da amincin binciken, kuma a ganina mutane na da hujjar yin shakka. Na'urar rada mai gano jirage ma ba hujja ba ce ita kaɗai: idan iska mai ɗumi ta hau kan mai sanyi, siginar na lanƙwasowa ta nuno abin da ke ƙasa kamar yana sama. Bayanin da sojin suka bayar ke nan kan abin da aka gani a Washington a Yulin 1952. Yanzu kuma tun 2019 ga jerin taurarin ɗan'adam na Starlink, su ma suna ruɗa mutane.

Ummu Hanif: Tsarin Faransa ya fi burge ni. Jandarma ke karɓar shaida, su miƙa wa ofishin GEIPAN na hukumar sararin samaniya, wanda ya faro a 1977. Kashi huɗu suke yi: A an gano, B kusan an gano, C bayanai ba su isa ba, D an bincika an rasa bayani. Abin takaicin C ne, domin nan rahoton mai gaskiya ke mutuwa saboda bai rubuta lokaci ba. Ingila kuwa ta rufe ofishinta na karɓar irin waɗannan rahotanni a 2009.

Abu Safiya: To Hajiya, me mutum zai yi don kada nasa ya faɗa C?

Ummu Hanif: Rubuta lokaci har da minti nan take, da daɗewar abin. Kada ka ce girmansa kaza ko nisansa kaza, ido ba ya iya auna abin da bai sani ba a sama. Miƙe hannu ka dunƙule, dunƙulen kusan digiri 10 ne, sai ka ƙirga dunƙule nawa daga inda ƙasa ta haɗu da sama zuwa gare shi. Ɗauki nahiyar da kamfas ɗin waya.

Injiniya: Bidiyo kuma kada ka jawo hoton kusa, domin haske ɗan ƙarami zai koma dunƙule mai hazo. Bar bishiya ko rufin gida a cikin hoton, shi ne ma'auni. Ajiye asalin fayil ɗin, turawa ta WhatsApp na goge lokaci da wurin da ke manne da shi. Idan ku da yawa ne, kowa ya rubuta nasa kafin ku tattauna. Kuma idan aka samu mutum biyu a wurare mabambanta, kowanne da nahiyarsa da digirinsa, daga nan ake lissafo ainihin tsayin abin da nisansa.