Neman taimako: me za a kira lens da filta da Hausa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan fara koya wa wasu matasa ɗaukar hoto, yawancinsu ba su yi nisa a boko ba, shi ya sa nake rubuta darasin da Hausa. Jibi zan kai takardun a buga. Abu uku sun tsaya min: lens, gilashin gaban kyamara da take gani da shi, da filta, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabansa, sai ramin da haske ke shiga, mai lambobin nan f/1.8, f/8, f/16. A taimaka don Allah.

Mai Hoton Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu a bakin aiki lens muke cewa. Yaron shagona ko aji uku bai yi ba, amma in na ce miƙo min fifti, ya san mai 50mm nake nufi. In dai dole ne, a ce idon kyamara.

Ɗan Zazzau: Madubin kyamara fa?

Mai Hoton Fagge: Ba zai yiwu ba. Kyamarar DSLR, babbar nan ta masu hoto da ake sauya wa lens, akwai madubi na gaske a cikinta, shi ne yake ɗagawa ya yi ƙarar nan idan ka danna. Sababbin da ake yayi kuma an cire musu shi, marasa madubi ake ce musu. Ranar da ɗalibi ya ji "kyamara marar madubi" sai ya ɗauka ba ta da lens.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ido kwatance ne, ba suna ba. A dubi aikin abin: yana tattara haske ya kai shi wuri guda. Saboda haka matattarar haske. Filta kuwa mataci, ba sai an sha wahala ba.

Ɗan Zazzau: Allah ya gafarta Malam, matattara ai wuri ce, kamar marina da majema. Kayan aiki da -i yake ƙarewa: mabuɗi, magogi, masassabi.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ka yi gaskiya. To matattari. Matattarin haske. Kun ga yanzu ta zauna daram. Mai 18-55mm ya zama matattari mai zuƙowa, mai 300mm na ɗaukar mahaya daga nesa ranar Hawan Daushe ya zama dogon matattari.

Mai Hoton Fagge: Malam, ana tsaka da hawa, dawaki sun taso, in ce wa yaro "miƙo min dogon matattarin haske"? Kafin in rufe baki Sarki ya wuce.

Malam Na Bakin Kasuwa: Wannan lalaci shi ya kashe mu. Larabawa da suka ga abin ba su ari kalmar Turawa ba, adasa suka ce, daga sunan ƙwayar adas, wata ƙaramar ƙwaya mai faɗi dangin wake, don siffarsu ɗaya. Mu ne kullum da ƙoƙon bara.

Ɗan Zazzau: Ai ita ma lens ɗin a Latin sunan wannan ƙwayar ce, Malam. Kuma hoto da kyamara da kake rubutawa ba daga Daura suka fito ba.

Badamagare: Ku dai ku yi ta yi. Mu nan Damagaram objektif masu hoto ke cewa, ba wanda ya san lens. Kullum sai ku zauna Kano ku yanke, sannan ku ce Hausa ta yanke. Idon kyamara dai ko tsohuwa a Mirriya ta ji ta gane.

Mai Hoton Fagge: Ba wanda ya yanke komai, ɗan uwa, ga shi ma ni da kai bakinmu ɗaya.

Badamagare: Yau ɗaya dai.

Maman Hanif: Jama'a a dawo kan filta don Allah, lokaci na tafiya.

Mai Hoton Fagge: To Hajiya, a nan mataci na Malam ya yi rabin aiki. Filta iri uku za ki fi haɗuwa da su. Akwai CPL, wanda ake murzawa a hankali. Ki je marinar Ƙofar Mata da hantsi ki auna ramin baba: saman ruwan duk ƙyalli ne, sararin sama kawai kike gani a ciki. Kina murza shi sai ƙyallin ya ragu, shuɗin ya fito. Haka yake yi wa ruwan Tiga, haka yake ƙara wa sama duhu idan rana tana gefen kafaɗarki, ba gabanki ko bayanki ba. Wannan tacewa yake yi da gaske, wani haske ya wuce, wani ya tsaya. Amma ND ba ya zaɓe, rage hasken yake yi gaba ɗaya, kamar baƙin tabarau. Da shi ake ɗaukar ruwan Gurara da rana tsaka, a bar kyamara a buɗe rabin daƙiƙa a kan ƙafafunta, ruwan ya fito sumul. ND8 na rage haske zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Na ukun, UV, mu dai don ƙurar hunturu muke saka shi, gara shi ya karce da lens ɗin.

Malam Na Bakin Kasuwa: Sai a ce matacin ƙyalli, maragin haske, da makarin ƙura. Duk a gaban matattari.

Autar Mama: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ce ƙarama a nan. Anti, ɗalibanki suna jin filta, ta Snapchat za su tuna, mai sa mutum ya yi fari ya yi santsi. In ba ki raba musu tun ranar farko ba, za su zaci ita za ki koyar.

Ɗan Zazzau: Wannan ai hoda ce, ba mataci ba.

Autar Mama: Wallahi Yaya haka ƙawayena suke cewa, "cire hodar mu ga fuskarki".

Maman Hanif: Auta kin taimake ni. Ga abin da zan rubuta: lens, idon kyamara. Gilashin gaba, matacin haske, in kawo ukun da sunayen da Malam ya bayar. Ta waya na bar ta filta. Ramin kuma ƙofar haske, tunda ba wanda ya tanka.

Mai Hoton Fagge: Ƙofar haske ta yi, sai dai ki ja musu kunne: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. f/1.8 a wangale take, mutum ya fito bayansa ya dushe. In kun hau Dala kuna son gari ya fito tun daga gabanku har Goron Dutse, f/8 ko f/11. Ku je bayan la'asar, da tsakar rana hoton gari fari fat yake fitowa.

Malam Na Bakin Kasuwa: An ɗauki uku an bar uwarsu. Ido na mutum ne da dabba. Ni a rubutuna matattari zan ci gaba da sawa.

Maman Hanif: Malam, zan sa shi a ƙasan shafi, in ce wasu malamai na cewa haka.

Malam Na Bakin Kasuwa: A ƙasan shafi. To, Allah ya sa su karanta har can.

Badamagare: Hajiya in akwai sauran wuri a ƙasan, a sa mana objektif kusa da shi.