Shawarwari ga mai son ƙirƙiro manhajar tantance 'yan haya

Wani matashi ya zo da tunanin ƙirƙiro manhajar da mai neman haya zai cike bayanansa sau ɗaya, ya riƙa tura wa masu gidaje, maimakon yawo da hoton fasfo da takardar albashi daga wannan dillali zuwa wancan.

Yawancin waɗanda suka tattauna da shi sun ja kunnensa a kan dillalai, domin makullan gidajen haya a Kano da Abuja a aljihunsu suke, kuma la'adar kashi 10 cikin ɗari da suka saba karɓa ba abar da za su saki cikin daɗin rai ba ce. Sun ce ya jawo su jiki, kada ya ja daga da su, kuma a ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

Tabbatar da mutum ta lambar NIN ba wuya, amma ɗan kasuwar Kantin Kwari ba shi da takardar albashi, sai dai bayanan asusun banki da wanda zai tsaya masa, galibi maigidansa a kasuwa, don haka dole manhajar ta karɓi irin wannan shaida. An tuna wa matashin da Dokar Kare Bayanai ta 2023, aka gargaɗe shi kada ya nuna bayanan kowa ba da izininsa ba. Kuɗin tantancewa kuwa, an ce mai gida ya biya, tunda ɗan haya yana fama da haɗa kuɗin shekara guda a dunƙule.