Jita da Bindiga: Musayar Waƙa kan Mawaƙan Rok

Baba Mai Rediyo:
Bismilla, na buɗe fage da 'yan rok,
Da suka ƙi yin shiru ana mutuwa.
Ɗan talaka aka tura Biyetnam,
Ɗan sanata na gida yana hutawa.
Fogerty ya faɗa a "Fortunate Son",
Tun 1969 har yau ana sawa.

Ɗan Fagge:
Baba, rediyonka ya cika ka da zaƙi,
Jita ba ta taɓa kashe gobara ba.
Sojan Amurka sama da dubu 58 sun tafi,
Waƙarka ba ta ta da ko guda ba.
Sai 1975 birnin Saigon na Biyetnam ya faɗi,
Faifai ya sayu, yaƙi bai tsaya ba.

'Yar Damagaram:
Ƙanena, wa ya ce maka mawaƙi soja ne?
Shaida yake ba wa waɗanda aka danne su.
A jami'ar Kent State ran 4 ga Mayun 1970,
Ana zanga-zangar ƙin yaƙi, ɗalibai 4 dakarun jiha suka harbe su.
Neil Young ya ga hotuna a mujalla,
Ya yi "Ohio", ya kama sunan Shugaba Nixon dominsu.

Na Maraɗi: Allah ya ƙara basira, Yaya! Dama Bakano sai Badamagare.

Malam Na Zaure: 'Yata, ma'ana ta yi, amma kari ya karye. Ɗango na uku kin cusa masa rana da wata da shekara, bai hau karin Mutadarak ba, bai hau karin Kamil ba.

Na Maraɗi: Haba Malam, ana maganar jinin yara kana ƙirga gaɓa?

Malam Na Zaure:
Ƙirgan gaɓa shi ne ladabin fagen nan,
In babu kari, hira ce, ba waƙa ba.

Ɗan Fagge:
Yaya, shaidar da ba a ji me ta tsinana?
Springsteen ya yi kukan tsohon soja mai wuya.
"Born in the U.S.A.", 1984,
Jama'a suka ɗau amshi, suka bar baya.
Har Shugaba Reagan ya yabe shi wajen kamfe,
Kuka ya zama tuta ana ɗagawa sama ɗaya.

Malam Na Zaure: "Sama ɗaya"? Don amsa-amo kawai ka jawo ta. Gyara.

Ɗan Fagge: Malam, ka ga na Baba ma ai ɗingishi yake, ba ka tanka ba.

'Yar Damagaram:
Laifin mai kunnen ƙashi kar ka ɗora wa mai jita,
Tsallako Nijar in nuna maka namu.
Mdou Moctar, Ba'abzine, ya yi "Afrique Victime",
Kan yadda aka yi wa Afirka, dukanmu.
Yuraniyom na Arlit ya haska Faransa,
Mu da fitilar hannu muke neman takalmanmu.

Baba Mai Rediyo: Sai yanzu na samu caji. Ɗan Fagge, ɗingishin wa? Ka jira ni bayan isha'i.

Malam Na Zaure: Na Baba ma ya karye, a ɗango na biyar. Girmansa na duba.