Kwalekwalena na yoyo duk da na liƙe shi sau biyu, ina mafita?

Jama'a, don Allah masu gyaran jirgin katako ku taimaka min, abin ya tsaya min a rai.

Kwalekwalen mita 5 ne. Ya yi wata huɗu a kife a tudu rana na dukansa, har katakon ƙasa ya bushe ya motse, mahaɗar katako biyu ta buɗe wajen tsawon taƙi ɗaya, ana hango haske ta ciki. Na kankare tsohuwar kwaltar, na goge da samfefa, na cike wurin da gam ɗin ifoksi. Kwana biyu a ruwa lafiya lau. A na uku katako ya jiƙa ya kumbura, gam ɗin ya dare daga gefe, ruwa na tsattsafowa a ƙarƙashin wurin zama. Na sake liƙewa, aka maimaita. Zargina shi ne ifoksi ba ya miƙewa, katako kuwa kullum cikin motsi yake, wataƙila kuma ragowar kwalta ta hana shi kamawa.

To, in ɓamɓare shi in koma cusa auduga da kwalta? In haka ne, a bushe ake cusawa, ko sai na jiƙa jirgin ya gama kumbura? Tsorona kada in danna audugar da yawa ta tsaga katakon.

Saura sati biyu mu yi tafiyar kwana uku da tanti da barguna, ba zan iya riƙe filafili ina kwalfar ruwa ba.