Ƙarshen “spring” a gabar Sikotland: bazara za mu ce, ko mu nemi wata kalma?

Mai tambaya, daga Aberdin:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masana Hausa. Nakan juya hasashen yanayin gabar arewa maso gabashin Sikotland zuwa Hausa saboda ɗalibanmu da iyalansu, musamman masu shirin tahowa. Yanzu mun shiga rabin Mayu na biyu, wato ƙarshen lokacin da Turawa ke kira “spring”, kuma kusan duk inda na duba da bazara ake fassara shi. Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba. In na rubuta “ƙarshen bazara a Aberdin”, abin da zai zo wa mai karatu a Kano ko Sakkwato shi ne zafin Afrilu, digiri 40, ana kwana a tsakar gida, ana duban gabas ko hadari zai taso. A nan kuwa zafin rana a Mayu a matsakaici bai wuce digiri 13 ba, da dare ya sauko wajen 6. Wanda ya haɗa jakarsa da bazara a ransa zai sauka filin jirgi yana rawar ɗari. Me za mu ce?

Malamar Hausa, daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi a aji. Asalin matsalar shi ne an jera lokutan Turawa huɗu, an jera namu a gefensu, aka haɗa su bisa watannin da suka faɗo. Hukumar yanayi ta Birtaniya tana ƙirga wannan lokaci daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Mayu, bazararmu ma a wajen nan take faɗowa, sai aka ce ai shi ke nan. Amma mu ba da wata muke raba shekara ba. Da ruwa muke raba ta: damina, kaka, hunturu, bazara, ga rani da ya lulluɓe duk tsawon rashin ruwan. Har a cikin damina muna da marka, muna da agazari a ƙarshenta. Su kuwa da sanyi da tsawon yini suke raba tasu, domin ruwa yana sauka musu a kowane wata. Bazara lokaci ne da ake haƙuri da shi har Allah ya kawo ruwa. Nasu kuwa lokaci ne da ake ɗokin zuwansa bayan an fito daga duhu da sanyi. Watannin sun yi daidai, halin ya saɓa.

Wani dattijo manomi, daga Daura:
Malama, Allah ya ƙara sani, amma kada a yi wa bazara rashin adalci. Ba zafi kaɗai ba ce. A cikinta itatuwa da dama ke zubar da tsohon ganye su yi sabon toho tun ruwa bai faɗi ba. A cikinta muke sharar gona, mu kai taki, wasu ma su yi binne. In har lokacin nan nasu shi ne na tashin tsirrai da shirin shuka, to ai akwai dangantaka. Ni ban ga laifin wanda ya fara cewa bazara ba.

Mai tambaya:
Gaskiya ne Baba, ta wannan fuskar akwai kama. Manoman nan a Maris da Afrilu suke shuka sha'ir, su dasa dankalin turawa, tumaki ma a lokacin suke haihuwa. Zuwa Mayu itatuwan da suka tsaya tsirara tun Nuwamba duk sun rufe da ganye. Sai dai shi hasashen yanayi ba don manomi kaɗai ake yin sa ba. Aikinsa ya gaya wa mutum abin da jikinsa zai tarar a waje, kuma a nan ne bazara ke ɓatar da mai karatu. Amma Baba, a cikin maganarka na tsinci kalmar da nake ganin ita muke nema: toho.

Wani almajiri, daga Gadarif ta Sudan:
Allah gafarta malamai, me zai hana mu ari ta Larabci, rabi'i? Ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Sannan kalmomin lokuta suna sauya ma'ana daga ƙasa zuwa ƙasa, ba a kanmu aka fara ba. Mu nan Sudan in aka ce harif, damina ake nufi, alhali a Larabcin littafi lokacin zubar ganye ne. In Larabci ya lamunci wannan, bazara ma za ta iya ɗaukar ma'ana biyu.

Malamar Hausa:
Ɗan'uwa, misalinka na harif ya ƙayatar da ni, amma ka duba yadda abin ya faru. Mutanen da ke zaune a ƙasar ne suka ja kalmar zuwa ga yanayin da suke gani kullum, kuma kowa a wurin ya san abin da ake nufi. Mu kuwa muna so mu kwatanta wa mutum yanayin da bai taɓa gani ba, da kalmar da ta riga ta cika da wata ma'ana a kansa. Rabi'i kuma na yi tunaninta, na bar ta. Bahaushe ya san ta a Rabi'ul Awwal da Rabi'us Sani, watannin da ke zagaya shekara, su faɗo a damina, su faɗo a hunturu. In ka ce “ƙarshen rabi'i”, da yawa za su ɗauka ƙarshen watan Maulidi kake nufi. Ina goyon bayan toho. “Lokacin toho” ya faɗi abin da ido ke gani, bai yi wa kowa alkawarin zafi ko sanyi ba, ya bar wa lambobin hasashen su faɗi wannan. Kuma yana rabuwa cikin sauƙi: farkon toho, tsakiyar toho, ƙarshen toho.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Edinbura:
Na karɓi toho hannu biyu, Malama. Tun da an buɗe maganar, ga ta biyu, wadda a ganina ta fi muhimmanci ga mai zuwa wannan gabar a Mayu da Yuni. Mutanen nan suna da kalmar “haar”, ta hazon da ke shigowa daga Tekun Arewa, kuma babu hasashen ƙarshen toho na gabas da zai cika bai ambace shi ba. Ga yadda yake samuwa. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi kamar ƙasa. Teku yakan kai ƙarshen sanyinsa a Fabrairu zuwa Maris, kuma har Mayu bai cika kai digiri 10 ba a wannan gefen. To in iska mai ɗumi da danshi ta biyo ta kansa, sai ƙasanta ya huce, danshin ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigon ruwa masu shawagi. In iskar daga gabas take, sai ta turo shi tudu. An fi ganin sa daga Afrilu zuwa Satumba. Wani lokaci yana biyo mashigin teku na Forth ya rufe tsakiyar Edinbura, gidan sarautar da ke kan dutse ya ɓace wa ido. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne, a ranar da bakin teku ke cikin wannan sanyi, wanda ya yi tafiyar 'yan kilomita cikin ƙasa zai tarar da rana tangaran, bambancin ya kusa digiri 10. Yammacin Sikotland ma in iska ta juyo daga gabas shi ke samun rana, shi ya sa Mayu ke cikin watannin da suka fi haske a can. Damuwata da kalmar hazo ita ce, namu na hunturu ƙura ce busasshiya, mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Wannan kuwa jiƙa mutum yake yi ba tare da an yi ruwa ba.

Wani direba, daga Gembu:
Hajiya, ki bar hazo a wurinsa. Mu da ke hawa tsaunin Mambila da asuba, abin da ke rufe mana hanya jiƙaƙƙe ne, gilashi har tsiyaya yake, kuma hazo muke ce masa. Mutanen Jos ma haka. Kalmar ta riga ta ɗauki duka biyun, abin da ya haɗa su shi ne hana gani. A ƙara mata teku kawai.

Ma'aikaciyar jinya:
To Malam, na gamsu. Da na yi tunanin “tururin teku”, amma tururi na tafasa ne, zai sake kai mu ga zafin da muke gudu. Hazon teku ya yi. Sai dai ina roƙon mai fassara, karon farko da zai rubuta shi a kowane hasashe, ya ƙara “mai sanyi da danshi”, saboda wanda hazon hunturu kaɗai ya sani.

Mai tambaya:
In sha Allah, Hajiya. Kuma akwai ma'auni a kansa da ya kamata mu riƙe. A wurin masu hasashe, ba a kiran abu hazo sosai sai gani ya gaza mita 1,000. In ya wuce haka, wata kalma suke sa masa, mu sai mu ce hazo-hazo. Wannan ba ƙaramin zance ba ne a Aberdin, domin daga filin jirgin Dyce jirage masu saukar ungulu ke kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku, kuma hazon nan yana iya tsayar da su. Ga yadda irin jumlar da nake fassarawa za ta fito yanzu: “A ƙarshen toho, in iska ta juyo daga gabas, ana sa ran hazon teku mai sanyi da danshi zai riƙa shigowa gaɓa da dare da safiya, ya janye in rana ta yi ƙarfi, amma a wasu wuraren zai yini. Cikin ƙasa za a fi samun rana da ɗumi, sai dai daren da sama ta washe raɓa na iya daskarewa a kwari.” Ku duba mini ko akwai inda ta yi tuntuɓe.

Malamar Hausa:
Ta tafi daidai, Malam. Gyara ɗaya: a taken hasashen ka rubuta “lokacin toho” cikakke, ka sa watan a gefensa, sannan a cikin bayani ka taƙaita zuwa toho. Sabuwar kalma tana bukatar a riƙe mata hannu kafin ta tsaya. Kuma ka ƙara layi a kan tsawon yini, don shi ma yana cikin abin da kalmar ke ɗauke da shi a can. A ƙarshen Mayu yinin Aberdin ya haura awa 17, rana na fitowa wajen huɗu da rabi, ba ta faɗuwa sai kusan goma saura kwata, kuma shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya, abin da ke sa baƙo ya nemi jadawalin masallaci kafin ya gane lokacin lisha da asuba.

Dattijo manomi:
Na yarda da ku, 'ya'yana, da sharaɗi ɗaya. Kada wani ya ɗauko toho ya liƙa wa Afrilun Daura don ya ga Turawa sun ce haka a kalandarsu. Namu bazara ce, a bar mana ita.

Wani malamin makaranta, daga Damagaram:
Baba, wannan sharaɗi namu ne duka. Mu nan ɓangaren da Faransanci muke fama, “printemps” ɗinsu ma da bazara yara ke fassara shi, don haka zan kai toho aji. Kuma na ga wani amfani da ba a ambata ba. A Afirka ta Kudu da Ostireliya wannan lokaci daga Satumba zuwa Nuwamba yake faɗowa, daidai da kakarmu. Wanda ya dogara da watanni sai ya kira shi kaka a can, ya kira shi bazara a Turai, alhali abu ɗaya ne. Toho yana aiki a duka wuraren biyu ba tare da an sauya komai ba. Malam na Aberdin, in ka fitar da hasashen sati mai zuwa ka turo mana a nan, ina so in karanta wa ɗalibaina in ji yadda za su fahimce shi kafin in yi musu bayani.